Butar da Kabad ɗin Tauno Ya Danne

A ƙauyenmu, in aka ambaci Tauno Moilanen, kafin a tuna da kicin ɗin gidajen da ya haɗa daga nan har bakin iyaka, buta ake fara tunawa. Butar gahawa ce ta jan ƙarfe, ƙatuwa, irin wadda ba a ɗora ta a wuta sai an tara jama'a. Asali ta surukarsa ce, matarsa Aune ta gada, ita kuma ta ba 'yarsu Kerttu ranar aurenta. Kerttu ta goge ta har tana ɗaukar ido, ta ajiye ta a kan kantar kicin ɗin sabon gidanta, can kusurwa, ƙarƙashin kabad ɗin da ubanta ya rataya da hannunsa. Tsakanin murfin butar da gindin kabad ɗin akwai sarari kamar faɗin yatsa biyu.

Hunturu biyu butar tana zaune a wurin, ana share mata ƙura a inda take. Sai ranar bikin tsakiyar bazara, da aka gama baranda, aka kira fasto ya sa wa gidan albarka, rabin ƙauye ya hallara. An yanka pulla, burodin nan namu mai zaƙi, an jera baƙin burodi da kifi mai hayaƙi, saura gahawa. Kerttu ta kama hannun buta ta ja, buta ta ƙi. Ta ɗauka wani abu mai danƙo ne ya zube ya manne gindinta. Mijinta Aatos, wanda yake saɓa gungume shi kaɗai, ya zo ya ja, ko gezau. Sai da wata tsohuwa ta sunkuya ta leƙa, ta miƙe ta sanar da jama'a cewa kabad ne ya sauko ya zauna a kan murfin, kamar kaza a kan ƙwai.

Fasto yana zaune da kofi ba komai a hannunsa. Mu kuwa komai yana iya makara a wurinmu, har ango, amma ban da gahawa. Dole aka dafa ta a tukunyar dankali, kuma ta fito da ɗanɗanon tukunyar dankali. Tauno ya cire kwat ɗinsa ta zuwa coci, mata suka yi layi suna miƙo faranti hannu da hannu, ya kwance kabad ɗin a gaban kowa. Da aka zaro butar, murfinta ya lotsa. Tun daga wannan rana, sunan Tauno ya koma Mai Buta, kuma wanda ya fi kowa dariya a wurin, har yana dukan cinya, shi ne amininsa Reino, uban Aatos, wanda ya gina gidan.

Ni Ilmari ne, mai motar ɗaukar kaya. Shekara da shekaru ni nake kai wa Tauno kabad da kanta duk inda aiki ya kira shi, ni kuma nake kama masa ɗaya gefen in dutsen kanta ya yi nauyi. Saboda haka na san shi gwargwadon yadda ake iya sanin mutumin da zai zauna kusa da kai daga nan har birni bai ce komai ba sai “ga barewa can”.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, girarsa kamar an manna gansakuka. A gonar da ke ƙetaren tafki aka haife shi, ubansa manomi ne mai ɗan daji, kuma tun yana yaro aka gane ba zai yi noma ba, don in an aike shi tatsar saniya sai a same shi yana gyara ƙofar garken. Yana shan gahawa a faranti, da ƙwayar sukari a tsakanin haƙora, yadda tsofaffi suke yi. Fensirinsa ba ya barin bayan kunne, har a coci, har ranar aurensa in ji Aune. In ya je gidan mutane ziyara, kafin ya gaisa da kyau ya buɗe ƙofar kabad ya rufe, ya ja durowa ya mayar, yana karkata kai yana saurare. In durowar ta yi ƙara, ba zai ce komai ba, amma mako mai zuwa za ka gan shi a ƙofarka da akwatin kayan aiki, wai hanya ce ta biyo da shi.

Gidajen gungume su ne sana'arsa. Kowa ya san irin gidan nan zama yake yi. Itace yana bushewa yana ramewa, gansakukar da aka cusa a tsakani tana matsewa, bango yana sauka a hankali ba wanda ya gani. Shi ya sa mai hankali ba ya kafe kabad a jikin gungume kai tsaye. Falanki yake tsayarwa daga ƙasa, ya yanka masa doguwar tsaga, ƙusa ta bi ta tsagar ta shiga bango, a rataya kabad a jikin falankin. Bango ya yi ta saukarsa, ƙusa tana zamewa a cikin tsaga, kabad yana nan inda aka bar shi. Kanta ma haka, ba a ɗaure bayanta da bango, in ba so kake dankalinka ya riƙa gangarawa ba. Tsawon tsagar kuwa ba mai kabad ne yake yanke shi ba. Wanda ya sassaƙa gumaguman shi ya san yaushe aka sare su, da tsawon zaman da suka yi suna shan iska. Sai mai kabad ya tsaya a tsakar ɗaki ya tambaye shi nawa gidan zai zauna, shi kuma ya ɗaga yatsu. Huɗu in ɗanye ne, biyu in ya sha iska, ɗaya in ya bushe ƙayau. Ba takarda, ba shaida. Yatsun nan su ne maganar.

Yatsun Reino kuwa Tauno ya fi yarda da su a kan nasa. A benci ɗaya suka zauna a makaranta, tare suka yi aikin soja, tare suka koyi shan taba, tare suka daina. Reino dogo ne mai murya, in yana ba da labari a kantin ƙauye har masu shan mai a waje suna ji. Shi yana tada bango, Tauno yana cika ciki. Duk Asabar da yamma Tauno yakan ɗauki tawul ya gangara ɗakin suracen Reino a bakin tafki, su zauna a cikin tururi, Reino yana zuba, Tauno yana cewa “haka ne”. Aune takan ce ita dai kwana shida aka ba ta a auren nan, na bakwai na Reino ne.

Da aka fara ganin Kerttu da Aatos su biyu a kan keke ɗaya, Tauno bai ce wa kowa uffan ba. Hunturu na yi, ya shiga dajin ubansa ya fara zaɓen itace. Itatuwan da muke kira honka ya zaɓa, tsofaffin nan miƙaƙƙu masu ja a zuciya, waɗanda ubansa ya hana a taɓa ko a shekarar da gona ta ƙi. A tsakiyar sanyi ya sare su, lokacin da ruwan itace ya sauka. A cikinsu akwai wani mai dogon tabo a gefe, inda gatarin kakansa ya ɓare bawo a zamanin da ake dafa kwalta daga ƙaron itace, itacen ya warke ya bar baƙin layi mai ƙaro kamar tsagar fuska. Tauno ya ce wannan a bangon kicin za a sa shi, inda Kerttu za ta riƙa gani tana wanke-wanke. Ni na ja su da tirela zuwa filin Reino. Aka ɓare su, aka jera a ƙarƙashin rumfa, suka yi ta shan iska, don yaran sun tafi karatu birni kuma ba su yi gaggawar dawowa ba.

Shekarar da suka dawo aka sa ranar aure, ƙugun Tauno ya ƙi. Aka kwantar da shi aka yi masa aiki, ya daɗe kafin ya taka. A cikin wannan lokacin aka tada gidan. Da ya iso a kan sanda, rufi ya hau, amarya da ango sun goge bangon ciki sun shafa masa mai, yana ta sheƙi.

Ina wurin ranar da ya fara shiga. Ya tsaya a tsakar kicin ya ja numfashi, ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya sake jan numfashi. Ya ce gidan yana ƙanshin daji. Reino ya ce man da yaran suka shafa ne, na zamani ne, har kai yake sa wa ciwo. Tauno ya duba bango sama da ƙasa ya tambayi ina mai tabon. Reino ya ce tsawonsa bai dace da kicin ba, yana can bayan murhu, tubali ya rufe shi. Tauno ya sake duban bangon. Can ya yi tambayar da ake yi.

“Nawa zai zauna?”

Reino ya ɗaga yatsa ɗaya.

“Itatuwanka ne fa, mutumina,” in ji shi. “Ko likitoci sun cire maka hanci tare da ƙugun?”

Tauno ya yi murmushi, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya zana tsaga faɗin yatsa ɗaya, ya ƙara ɗan kaɗan don Allah. Aune ta gaya mini daga baya cewa da ya koma gida ya sake cewa bangon yana ƙanshin daji, sannan ya ce to, Reino ya fi shi sani.

Abin da ya biyo baya kun ji shi. Murhu ya ci wuta hunturu biyu, bango ya sauka, ƙusa ta kai ƙarshen tsagarta ba wurin zuwa, ta ja falanki ya lanƙwashe ya tsage, kabad ya bi bango ƙasa har ya samu wurin zama a kan buta.

Bayan bikin, Tauno ya kwance kicin ɗin gaba ɗaya ya sake shi da dogayen tsagogi. Bai zargi kowa ba sai kansa. Ya ce ko ya yi gaggawar sarewa, ko rumfar tana yoyo bai lura ba, ko kuma dai idonsa ne ya tsufa. Reino ya dafa kafaɗarsa a cikin tururi ya ce tsufa ba ya tsallake kowa, kada ya sa abin a ransa. Amma ƙauye ya sa a nasa ran. Mutum biyu da suka yi masa maganar aiki suka tuna cewa ai a birni ma ana sayar da kabad. Yara suka koyi ɗora tafi a kan kawunansu suna durƙusawa in ya wuce. Tauno da ba ya magana sai ya ƙara raguwa, har barewa ma ya daina nuna mini.

Da kaka ta shigo, wani baƙo daga kudu ya kira shi. Yana da gidan hutu a ɗaya gefen tafkin, Reino ne ya gina masa shekarun baya, kuma tun lokacin da 'yan katakai kawai matarsa take maneji a kicin. Yanzu tana son kabad na gaske da kanta ta dutse mai laushin nan da ke riƙe ɗumi. Baƙon bai san labarin buta ba, shi ya sa. Muka kinkimi dutsen muka shiga da shi muna nishi, muka jingina. Tauno ya fara cire tsofaffin katakan daga bango. Da ya ɗaga na ƙarshe sai na ga ya tsaya.

Ga shi nan, daidai tsayin ƙirji. Dogon baƙin layi mai ƙaro, kwance a jikin gungume, daga taga har kusurwa.

Mai gidan ya ga inda muke kallo, sai ya matso da fara'arsa. Mutumin kirki ne, ba ruwansa. Ya ce ai sa'a ya taka: lokacin da ya zo yana gaggawa, magini ya ce masa yana da busassun gumagumai a ajiye, zaɓaɓɓu, daga dajin wani tsohon gida, irin da ba a samu yanzu. Ya ce tun da aka gina gidan ko ƙofa ɗaya ba ta taɓa cijewa ba. Tauno ya ɗora tafinsa a kan tabon, ya bi shi a hankali har ƙarshe, kamar mai shafa wuyan doki. Ya duba na sama, ya duba na ƙasa. Ya ce wa mai gidan lalle itace ne mai kyau.

Ban taɓa ganin ya yi aiki irin na gidan nan ba. Ya canza tsarin da matar ta zana, ya ɗaga kabad sama, ya sauke bayan kanta, ya bar tabon a fili tsakaninsu. Matar ta so ta yi gardama, da ta ga yadda ya fito sai ta fasa. Tsagar da ya yanka a wurin faɗin yatsa ɗaya ce, kuma na ji an ce har yau ƙusar ba ta kai ƙarshenta ba.

A hanyar dawowa mun yi nisa kafin ya buɗe baki.

“Ilmari, yau ba ka zo da idonka ba.”

Na ce masa a gida na manta shi, tare da tabarau.

Asabar ɗin da ta biyo ya ce in sauke shi a wurin Reino, kuma in jira, ba zai daɗe ba. Na lura bai ɗauko tawul ba. Reino yana faskare a gaban ɗakin surace, hayaƙi ya fara tashi. Ya ɗago da dariyarsa zai yi tsokanar da ya saba, sai ya ga Tauno ya tsaya nesa kaɗan, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya riƙe shi a sama. Reino ya dubi yatsan, ya dubi motata, ya gane daga inda muka fito a makon. Ya ajiye gatari.

Reino bai yi musu ba, wannan kam zan faɗa masa. Amma ya yi magana mai yawa. Ya ce shekarar ta zo masa da matsi, baƙon yana tsaye a kansa, yaran kuma ba alamar za su dawo. Ya ce niyyarsa ya sare wasu ya mayar su bushe kafin lokaci, sai ga aure ya zo da wuri. Ya ce waɗanda ya sa ma itace ne mai kyau, ɗanye ne kawai, kuma ai gidan ɗansa ne, zai cuci ɗansa ne? Gida yana tsaye, ba ya yoyo, ba wanda ya mutu. Murfin buta ne kawai.

Tauno ya bar shi ya gama.

“Itatuwan sun tafi,” in ji shi. “Suna wurin da ake goge su, na gani. Ba su na zo nema ba. Da ka ɗaga huɗu ranar nan, da na yanka huɗu.”

“Da na ɗaga huɗu, da ka tambaye ni dalili.”

“Da na tambaya. Da ka faɗa. Da mun yi faɗa mun gama tuntuni.”

Reino ya ce a faɗi abin da ake so ya yi, zai yi. Tauno ya ce abu ɗaya ne: ya tsaya a gaban mutanen da suka yi dariya ya ce yatsan nasa ne. Ba sai ya ambaci baƙo ba, ba sai ya ambaci daji ba. Ya ce kawai shi ya ɗaga ɗaya alhali huɗu ne. Reino ya rantse zai faɗa. Ya ce Kerttu tana da juna biyu, ranar suna kowa zai taru a gidan, a kicin ɗin da abin ya faru, a nan ya dace. Ya miƙo hannu, Tauno ya karɓa. Reino ya ce ruwa ya yi zafi, ya shigo mana. Tauno ya ce bai zo da tawul ba.

Wata da watanni ya jira, kuma na ga yadda jiran ya miƙar masa da baya. Ya koma nuna mini barewa. Har ya karɓi butar daga wurin Kerttu ya kai shagonsa, ya buga murfin daga ciki da ƙaramar guduma sai da lotsawar ta kusa ɓacewa.

Kerttu ta haifi namiji. Ranar suna gidan ya cika fiye da na farko. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, an zuba ruwa a kwano, fasto ya karɓi yaro. A wurinmu ba mai jin sunan jariri sai a bakin fasto, ko kakanni sai dai su yi ta zato. Fasto ya ce Eelis Tauno Reino. Aune ta fashe da kuka, matar Reino ta rungume ta. Kerttu ta dubi ubanta ta dubi surukinta, fuskarta kamar an kunna fitila, ta miƙa wa Tauno yaron.

Aka kawo gahawa a butar nan, wannan karon ba gardama. Reino ya miƙe ya buga cokali a kofi, ɗaki ya yi tsit. Ya ce yana da wata magana da ya daɗe yana son faɗa a gaban jama'a, game da kicin ɗin nan. Tauno yana zaune da jariri a hannu, ya ɗago kai. Reino ya dube shi. Ya dubi ɗansa Aatos da ke tsaye a bakin ƙofa yana masa murmushi. Ya dubi butar.

“Maganar ita ce,” in ji shi, “yau buta ta fito lafiya. Don Allah in an gama a kai ta ɗaki, kada a bar ta kusa da aikin surukina.”

Ɗaki ya ɗauki dariya, har fasto. Kerttu ma ta yi, tana cewa a ƙyale mata Baba haka nan. Ni kaɗai nake kallon Tauno. Bakinsa ya buɗe kaɗan. Kalma goma ta ishe shi, kuma ga ni a zaune, ya san zan ce na gani. Amma a hannunsa akwai yaro mai ɗauke da sunayensu biyu a jere, a gefensa akwai 'yarsa da za ta ci gaba da kwana a cikin bangon nan tare da ɗan mutumin. Ya sunkuyar da kai ya gyara wa jaririn hula. Da aka miƙo masa gahawa ya karɓa, ya zuba a faranti, ya sa sukari a haƙori.

Bai sake komawa bakin tafkin Reino ba. A bazarar ya gina nasa ɗan ɗakin suracen a bayan shago, shi ya sassaƙa gumaguman da kansa, kuma gaskiya bai iya ba, ƙofar tana cijewa. Aune ta samu kwana na bakwai ɗin da ta daɗe tana nema, ta ce da ta san haka zai zo mata da ba ta roƙa ba. Mutane suka ce ƙugunsa ne ba ya son gangare. Suna haɗuwa da Reino a bikin jikansu, su gaisa, su yi maganar ƙanƙara. Reino har yanzu yana da muryarsa, sai dai in Tauno ya shigo wuri takan ragu kamar an rufe taga.

Aiki ya dawo masa sannu a hankali, don kabad ɗin birni ma sun nuna halinsu a gidajen gungume. Amma ya daina tambayar nan. Duk maginin da ya ɗaga masa yatsu kafin a tambaye shi, sai ya ga Tauno yana kallon wani wuri. Tsaga ɗaya yake yankawa yanzu, tsawon tafin hannu, ko gidan ya shekara ɗari, ko itacen ya bushe har yana amo. Na taɓa ganin ya yanka ta a gidan bulo. Da na yi magana ya ce ba a sani ba.

Kwanakin baya muka shiga kanti shan gahawa ni da shi, muka tarar da teburin tsofaffi a cike, Reino yana can ƙarshe kusa da taga. Wani daga cikinsu, wanda bai san komai ba sai abin da kowa ya sani, ya janye kofinsa ya rufe da tafi, ya ce a yi hattara ga Mai Buta nan. Aka yi dariyar da aka saba. Mutumin ya ƙara da cewa shi har yau abin yana ba shi mamaki, yadda itace ya yaudari mutum kamar Tauno, wanda ya tsufa a cikinsa.

Tauno ya zauna, ya zuba gahawarsa a faranti, ya hura. Bai dubi ƙarshen teburin ba.

“Itace bai yaudare ni ba,” in ji shi. “Ranar da na shiga ya gaya mini ɗanye ne shi, da hancina na ji. Ni ne na ce masa ya yi shiru, abokina yana magana.”